Shin ƙasa za ta iya janye jikinta daga duniya ta zauna lafiya?

Ɗalibi daga Damagaram:
Assalamu alaikum. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2024, muke ta muhawara a makaranta kan ko ya dace ƙasa ta rage hulɗa da ƙasashen waje ta fuskanci cikin gidanta kawai. Zuciyata ta karkata ga hakan, domin na ga halin da aka shiga a 2023 lokacin da aka ƙaƙaba mana takunkumi, Nijeriya kuma ta yanke mana wutar lantarki. Ina neman ra'ayin manya.

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na fahimci zafin da kake ji, amma ka dubi Japan, wadda ta rufe ƙofofinta tun cikin shekarun 1630 har zuwa 1853, lokacin da jiragen yaƙin Amurka suka iso gaɓarta. Ko a wancan zamanin sai da ta bar wa 'yan kasuwar Holand da na Sin kafa a Nagasaki, kuma teku ne ya kewaye ta yana kare ta. Nijar ba ta da gaɓar teku ko ɗaya. Ɗanyen man Agadem sai ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin kafin ya hau jirgi, saboda haka duk shugaban da zai yi fushi da maƙwabta dole ya fara lissafin ta inda kayansa za su fita.

Ɗan kasuwa daga Jibiya:
Malam ya faɗi gaskiya. Mun ɗanɗana irin wannan lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a sake buɗe wasunsu ba sai Disamban 2020. An ce don a kare manoman shinkafa ne, kuma ban musa cewa wasunsu sun amfana ba, amma ni da idona na ga albasata ta ruɓe a cikin mota a bakin iyaka, alhali masu babura suna ratsa daji da buhunan shinkafa kowane dare. Matata 'yar Maraɗi ce, kuma har zuwa bikin danginta ya zama wahala.

Ɗalibi daga Damagaram:
Na gode, iyayena. Sai dai tambayata tana nan, Malam: idan maƙwabcin da kake dogaro da shi zai iya kashe maka wuta rana ɗaya, me ya hana mu fara da kammala madatsar ruwa ta Kandaji domin mu samar da wutarmu da kanmu?