Taƙaitaccen Abin da Aka Tattauna kan Canza Bol-joyin na Bas a Gida

Ga abin da na tsamo daga shawarwarin masu bas a nan Abuja, musamman masu Toyota Hiace.

1. Kowa ya yarda cewa alamomin lalacewar bol-joyin, wato mahaɗin ƙarfe mai juyawa da ke riƙe ƙafar tayar gaba, su ne ƙarar ƙwanƙwasa a kan gargada, da sitiyari mai yawo, da taya mai cinyewa ta gefe guda. A ɗaga motar a girgiza tayar sama da ƙasa, sannan a duba robar da ke riƙe giris ko ta yage.

2. Babu wanda ya yi musu a kan cewa ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kafa ta kan madogaran ƙarfe a daɓen siminti, a tokare tayoyin baya. Wannan ne ya fi damuna, domin yawancinmu a kan turɓaya muke aiki.

3. An rabu kan yadda ake ɓamɓare shi. Wasu suna dukan gefen mazauninsa da guduma, wasu kuwa sun ce a nemi na'urar matsewa, don bugun guduma idan ya sauka kan zaren da noti ke hawa yana lalata shi.

4. An rabu kuma kan kaya: wasu sun fi son na Beljiyom daga kasuwar kayan mota ta Apo, wasu sabo na kamfani. Ni ina tare da masu sabo.

5. Mafi yawa sun ce a canza dama da hagu tare, a sa sabon fin a noti, sannan a kai motar alaimen, wato saita tayoyi.