Wai 15 ga Janairu hutu ne?

Ɗan Agege: Salam jama'a, ranar tunawa da 'yan mazan jiya hutu ce ko a fito aiki? Oga ya ce dole mu zo.

Mai Shayi Obalende: Ba hutu ba ne malam, fareti dai sojoji ke yi a ajiye furanni a saki fararen tattabaru, mu kuma goslo ya ishe mu wajen dandalin Tafawa Balewa (TBS), in za ka bi ta can ka yi sammako.

Baba Idi-Araba: Yaro, da 11 ga Nuwamba ake yi irin na Ingila, aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma nan Legas a barikin Dodan ne Effiong, jagoran Biyafara na ƙarshe, ya miƙa wuya gaban Gowon.

Maman Yusra: Ni matan waɗanda suka rasu nake tausayi wallahi, fareti ba ya biyan kuɗin makaranta.