Ina Zan Kai Fushina?

Ɗan Rigasa:
Sallama gare ku manya, ga baitina,
Kishin addini na ci a ƙirjina,
In an taɓa Manzo sai in rasa barcina,
Ku faɗa min gaskiya, ina zan kai fushina?

Baban Tudun Wada:
Ɗana zauna, ni na ga ranar wuta,
Fabrairun 2000 da Kaduna ta rikita,
Kan Shari'a muka fito, hankali ya ɓata,
Maƙwabcina na shekara ashirin ya kwashe ya fita,
Ya haye gada, sai Sabon Tasha, da 'ya'ya da mata,
Kogi ya zama iyaka, har yau ba mu gyara ta,
Mun binne samari, ba raka'a ɗaya da muka ƙara ta.

Ɗan Rigasa:
Baba na ji, amma shirun ba tsoro ba ne?
Wanda bai fusata ba, anya mai imani ne?

Malamar Unguwar Sarki:
Ƙanena, tambayi tsofaffin unguwarku,
A 1982 'yan Maitatsine sun zub da jini a Rigasarku,
Kishi gare su, har ya ninka naku,
Ilimi ne babu, shi nake jiye muku.
Malam Ja'afar na limancin asuba a Ɗorayi,
2007, aka harbe shi, ko kunyar Allah ba a yi.
Kishin da ba malami, Musulmi yake fara ci,
Ni wannan ke hana ni barci.

Baban Tudun Wada:
Malama kin tuna min Imam Ashafa,
Rikicin 1992 ya ci malaminsa, zuciya na tafarfasa,
Fasto Wuye ya rasa hannu, kowa na jiran fansa,
Sai huɗubar Juma'a kan Ɗa'ifa ta ratsa jikinsa:
An jefi Manzo har jini, bai nemi a hallaka masu jifansa.
Ya nemi Faston, suka kafa cibiyar sulhu da abokin gabarsa,
Agustan 2002 malamai da fastoci 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kaduna,
Kishin nan dai ne, ɗana, bai ragu ba ko ƙwayar hatsi a gona.

Ɗan Rigasa:
Baba, Malama, fushin bai huce ba tukuna,
Amma Ɗa'ifa ta tsaya min a zuciyata da tunanina,
Gobe bayan la'asar zan zo masallacin Sultan Bello da littafina,
Baba ka tsaya min a ƙofa, ka riƙe hannuna.