Me ya kai katantanwa cikin dutsen Kalambaina?

Direban Tifa:
Assalamu alaikum jama'a. Aikina jigilar dutse da yashi ne a yankin Wamakko da Kware, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Farin dutsen nan na Kalambaina da ake yin siminti da shi, idan ya fashe sai ka ga siffar katantanwa da ƙumba a ciki, wasu har da zanen bayansu. A bakin rami kuma za ka ga dutsen a shimfiɗe yake hawa-hawa, ga fari, ga mai ruwan toka da ke ɓarewa falle-falle. Amma dutsen Kwatarkwashi da nake wucewa bayan Gusau dunƙule ɗaya ne, ba hawa ko ɗaya. Me ya raba su?

Malamin Jugurafi:
Wa alaikumus salam Malam Direba. Asalinsu ne ba ɗaya ba. Na Kwatarkwashi narkakken dutse ne da ya huce ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa. Naka kuwa kwantawa ya yi a gindin ruwa. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wata teku mara zurfi ta rufe yankin Sakkwato har zuwa Tawa a Nijar. Halittun cikinta in sun mutu sai ƙwaryarsu ta nitse, wata ta hau kan wata, nauyin na sama ya danne na ƙasa, alli ya manne su, har suka zama dutsen farar ƙasa. Mai ruwan tokan nan laka ce zalla da ta kwanta lokacin da ruwan ya yi tsit, irinta ce birjik a Dange. Kowane hawa da ka gani zamani guda ne, kuma na ƙasa ya girmi na sama. Wannan tekun ce ta bar dutsen simintin da ake haƙa a Malbaza ta Nijar. In kana so ka gwada, ɗiga wa farin dutsen ruwan lemun tsami ka duba da kyau, za ka ga yana ɗan kumfa. Na Kwatarkwashi ko gezau.

Ɗan Gombe:
Mu namu a Bima yashi ne da tsofaffin koguna suka tara ya manne. Ka goga shi da babban yatsa, ƙwayoyin rairayi za su zubo. Kwal ɗin Maiganga kuma, wanda kamfanin simintin Ashaka ke ƙonawa, itatuwa da ganyayen fadama ne da ƙasa ta binne kafin su ruɓe.

Ba'agadashe:
Kada ku manta da gishiri da kanwa. Su ba abin da ya ɗauko su, ruwa ne ke ƙafewa ya bar su a wurin. A Bilma kana tsaye rana na yin aikin a gabanka.

Direban Tifa:
Allah ya ƙara basira, Malam. To marmarar da muke zubawa a hanya fa, ita ma tekun ce?

Malamin Jugurafi:
Amin. A'a, ita a inda take ta samu. Ruwan sama da zafi ne suka cinye dutsen wurin, suka wanke abin da ke narkewa, sinadarin ƙarfe ya rage ya yi tsatsa. Jan da kake gani ke nan.