An zaɓe ni zuwa baje koli a Yamai, tsoro ya hana ni amsawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗinki nake yi a unguwar Zango, Damagaram. Ƙungiyarmu ta zaɓe ni in kai kayanmu SAFEM, wato baje kolin sana'o'in hannu na mata, a Yamai, har yau ban ba da amsa ba. Da na ɗauki waya sai gabana ya faɗi, hannu ya yi sanyi. Gani nake sa'a ce kawai, can asirina zai tonu, ga Faransancina na kame-kame.

Na gwada bayanin kayan gaban ƙanwata, murya ta riƙa rawa. Addu'a ina yi, kamar yadda Inna ta ce. Ko masu saye sun yaba, sai in ce kara suke yi mini.

Wadda ta taɓa shiga wannan hali, me kika yi bakinki ya buɗe gaban baƙi ranar farko?