Me za mu kira bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, kalmomi biyu ne suka tsaya mini a bayanin dokokin makarantun Amurka: "black powder gun" da "muzzleloader". Batun shi ne yadda a da masu nuna tarihi kan shiga makaranta da irin wannan bindiga don bayyana wa ɗalibai yaƙin neman 'yanci da yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, yanzu kuma makarantu da yawa sun hana. Na ga an rubuta "bindigar baƙin gari", na ga "bindigar gargajiya", na kuma ga "bindigar toka". Wacce ta fi dacewa?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Malam, a fara ajiye "baƙin gari". A rubuce, mai karatu zai ɗauka mutanen da suka sauka a gari ake nufi. Kuma muna da kalmar albarushi tun tuni, wadda muka aro daga Larabci. Haɗinsa abu uku ne: gishirin fotashiyam naitiret kashi 75, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Turawa ma ba su riƙa kiransa baƙi ba sai bayan da Paul Vieille ya samar da marar hayaƙi a Faransa a 1884, aka buƙaci sunan da zai raba tsoho da sabo.

Abin da ya sa nake ƙin sanya launi a sunan shi ne, marar hayaƙin ma yawancinsa baƙi ne ko ruwan toka a ido. Wanda ya dogara da launi zai iya zuba shi a bindigar da ba a ƙera don shi ba, ƙarfin matsinsa ya wuce abin da bututun zai ɗauka, ya fashe a hannunsa. Ainihin bambancin yana wurin ƙonewa: fiye da rabin abin da tsohon albarushi ke bari idan ya ƙone ba iska ba ce, daskararren abu ne, shi ne farin hayaƙin nan da dattin da ke liƙe wa bututu. Don haka na fi son "albarushi mai hayaƙi" da "albarushi marar hayaƙi".

Maharbi: Malama ta yi gaskiya. Ni kuma zan ce kalmomin nan biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, kada a ba su suna ɗaya. Ta farko tana magana kan abin da bindiga ke ci, ta biyu kan ƙofar da ake ɗura mata. Akwai bindigar da ke cin albarushi mai hayaƙi amma a cikin kwanson harsashi, ana sa shi ta baya, kamar Springfield ta 1873 da sojan Amurka suka riƙe.

Ga yadda ɗurin baki yake a bindiga mai faɗin bututu rabin inci. A tabbata babu ɗuri a ciki: a zura sandar ɗuri, a duba alamar da aka yi mata lokacin da bututun yake fanko; idan alamar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki. A auna albarushi da ma'auni, yawanci giren 70 zuwa 100, giren ɗaya kuwa kusan giram 0.065 ne. Daga ma'aunin ake zubawa, ba daga gora ba, domin idan garwashi ya rage a bututu, gorar gaba ɗaya za ta kama. Sai a shimfiɗa ƙyalle mai maiƙo a baki, a ɗora dunƙulen dalma wanda ya ɗan gaza faɗin bututun, a tura shi har ya zauna daram a kan albarushin. Idan aka bar tazara tsakaninsu, bututu kan kumbura ko ya tsage. A ƙarshe ake sa abin kunnawa: ko ɗan albarushi mai laushi a kaskon da ƙanƙara ke ƙyasta wa wuta, ko 'yar hular tagulla da guduma ke bugawa. Duk wannan aiki ta baki yake bi, shi ya sa na ce "bindigar ɗurin baki".

Ɗan Maƙera: Baba Maharbi, ranka ya daɗe, abin da ka bayyana ai shi ne bindigar toka. Ita mafarauta ke riƙewa, ita 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan sallah. Me ya sa za mu ƙirƙiri suna alhali kowa ya san wannan?

Maharbi: Ɗana, aikinsu ɗaya ne, ban musa ba. Amma da ka ce bindigar toka, abin da ke zuwa wa Bahaushe a rai shi ne ƙirar maƙeri, mai gajeren zango. Waɗanda ake sayarwa a Amurka ƙirar masana'anta ne, wasu da tabarau a kai, suna kayar da barewa a nisan fiye da mita ɗari. Idan aka fassara dokar makaranta da bindigar toka, mai karatu zai raina abin. "Bindigar gargajiya" ma haka, don wata bara aka ƙera ta. Bindigar toka iri ɗaya ce a cikin bindigogin ɗurin baki.

Lauya: Wannan rabewar ta yi daidai da dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ta sa babban kai na bindigogin da ake ɗurawa ta baki, ta jera iri uku a ƙarƙashinsa: wadda muke kira ta toka, mai ƙanƙara, da mai hula. Ke nan ana buƙatar suna na gaba ɗaya.

Malam Mai Fassara, akwai kalma ta uku da za ka ci karo da ita, kuma a kanta duk rikicin makarantun ya rataya: "antique firearm". Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta cire irin wannan daga ma'anar bindiga. Kalmar ta ƙunshi wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonta, daga baya aka ƙara duk mai ɗurin baki da ke cin albarushi mai hayaƙi kuma ba ta karɓar harsashi mai kwanso. Kada ka ce "tsohuwar bindiga", domin sabuwa fil tana iya shiga. Ka ce "bindigar da doka ta sa a ajin kayan tarihi", in ka maimaita ka taƙaita zuwa "ajin tarihi".

Wata dokar tarayyar Amurka ta 1990 ta hana riƙe bindiga a makaranta da kewayenta har ƙafa 1,000, wato kusan mita 305. Kotun Ƙoli ta soke ta a 1995 a shari'ar Lopez, majalisa ta gyara ta a 1996. Wata dokar ta 1994 ta wajabta wa jihohin da ke karɓar kuɗin ilimi na tarayya korar ɗalibin da ya zo da bindiga na aƙalla shekara ɗaya, ko da yake shugaban hukumar makarantun yankin na iya sassauta hukuncin. Duka biyun da ma'anar 1968 suke aiki, don haka bindigar ɗurin baki ba ta faɗa cikinsu ba. Nan mutane ke ruɗuwa, su ɗauka an halatta. Jihohi suna da nasu dokokin, New Jersey alal misali tana ɗaukarta bindiga cikakkiya, kuma ƙa'idodin makarantu kan yi amfani da kalmar makami, wadda ta fi faɗi. Bayan harbin makarantar Columbine a Afrilun 1999, tsarin ba sani ba sabo ya ƙara ƙarfi, har kwaikwayon da ba ya harbi wasu makarantun suka hana.

Malamar Kimiyya: Barista, a ƙara da cewa ba a rufe ko'ina ba. Ƙungiyar matasa ta 4-H tana koyar da harbin ɗurin baki, kuma ɗalibin da ke zama tambarin Jami'ar West Virginia har yau yana buga irinta a filin wasa.

Lauya: Haka ne, Malama. Dokar 1990 ɗin ma ta keɓe shirin da makaranta ta amince da shi. A Oktoban 2023 kuma Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta fayyace cewa za a iya kashe kuɗin ilimi na tarayya kan koyar da harbin baka, farauta da wasan harbi, bayan da wata doka ta 2022 ta jefa waɗannan darussa cikin shakka.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Na ɗauki "bindigar albarushi mai hayaƙi" da "bindigar ɗurin baki". Saura ɗaya: a wurin nuna wa ɗalibai ana harbi ba tare da dalma ba. Na rubuta "harbin wasa".

Maharbi: A'a, Malam, cire kalmar wasa, tana sa yaro ya sake jiki. Ka ce "ɗuri ba dalma". Wuta da ɓarɓashin albarushi suna fita ta baki da ƙarfin da zai ƙona fuska ko ya lalata ido a kusa, kuma sandar ɗuri da aka manta a bututu tana tashi kamar mashi. Shi ya sa hukumar wuraren tarihi ta tarayyar Amurka ba ta yarda ɓangarori biyu su fuskanci juna suna harbi a filayenta, ko da babu dalma. Akwai kuma lokacin da aka ja kunama bindiga ta yi shiru, wutar tana ci a hankali saboda danshi ko datti. Wannan "jinkirin tashi" ne. Bakin bindiga ya ci gaba da kallon inda ba kowa, a ƙirga minti ɗaya cur kafin a taɓa ta.