Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya: ina wurin faɗinta?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata karin magana ce ta tashi a gidanmu, har yau ƙurarta ba ta kwanta ba. Maƙwabtanmu na bayan katanga 'yan Nuba ne, Kirista. Tare muka baro garin Madani na nan Sudan saboda yaƙi a Disambar 2023, a mota ɗaya, tare muka samu haya a nan. Ranar 25 ga wata, Kirsimetinsu na bana, matar gidan ta aiko 'yarta da siniya, wato tire, ɗauke da ka'ak da baskawit da dabino. Maiɗakina ta karɓa, ta ce Allah ya maimaita, ta zuba dakwa a kwanon ta mayar, tunda ba a mayar da kwano wayam. Washegari ƙaninta ya dawo daga Juma'a da zafinsa, wai an faɗa a huɗuba cewa duk wanda ya yi musu barka ya yarda da abin da suke kai. Inna tana kan angarib, gadon igiya, da carbinta, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Kai yaro, bikin Magaji ba ya hana na Magajiya.” Ya ce ba nan ne wurin faɗin wannan ba, ai Magaji da Magajiya 'yan gida ɗaya ne. Wa ke da gaskiya tsakanin tsohuwa da yaro?

Malamin Allo, Maiurno: Wa alaikumus salam. Yaron bai yi ƙarya ba ta fuskar maganar. Ni yadda na taso na ji ana faɗinta, tsakanin mutane biyu ne da suke ganin kansu daidai, ɗaya ya sa ranar bikinsa a kan ta ɗan'uwansa don ya rage masa jama'a. Sai a ce masa yi naka, zan yi nawa. Maganar gasa ce, akwai ɗan yaji a cikinta. Ban taɓa jin an ɗauko ta a kan addini ba.

Uwar Biyu: Malam, da girmanka, ai kai ma ka faɗi abin da Inna take nufi. Yi naka, zan yi nawa. Mene ne bambancinsa da “lakum dinukum wa liya din”? Sun yi Kirsimetinsu, mu muka yi Juma'armu, rana ta fito ta faɗi, ba wanda aka rage wa komai.

Malamin Allo, Maiurno: Hajiya, “ba ya hana” daban, “zo mu yi tare” daban. Karin maganar ba ta ce Magaji ya tafi rawa gidan Magajiya ba.

Uwar Biyu: To wa ya tafi rawa? Kwano ne ya tsallaka katanga.

Baƙon Jidda: Ni dai a ganina wadda ta fi dacewa ita ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Direban Kasala: A'a ɗan'uwa, wannan kam rigima za ta tayar. Wa ke da akuyar, wa ya sayi kurar? Ka faɗa mana tukuna kafin a ji wanda zai kwana da ido ɗaya.

Baƙon Jidda: Na janye, na janye. Mu a nan ma ba coci ko ɗaya, 'yan Filifin da muke aiki tare a ɗakinsu suke yin nasu, su rufe ƙofa. Da safe sai ka ga an ajiye maka alawa a kan tebur ba a ce komai ba. Ni kuma ranar sallah in kai musu nama ban ce komai ba. Shekara tara ke nan a haka.

Jikar Habboba: Ku ba ni wuri in ba ku labarin kakata Habboba, Allah ya jiƙanta, don ni duk lokacin da sanyi ya shigo ita nake tunawa. A goye aka fito da ita daga ƙasar Haɗeja kan hanyar Makka. Iyayenta suka yada zango a Maiurno, daga nan tsinkar auduga ta ja su Jazira, ita kuwa sai da ta yi jikoki kafin ta ga Ka'aba. A Madani ta zauna, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Katanga ɗaya ta raba ta da wata Baƙibɗiya, wato Kirista 'yar cocin Masar, mijinta akawu ne a hukumar Jazira, kullum da safe ya nufi Barakat da jakarsa.

Wata shekara cikin Disamba aka yi sunan yayana. Aka yanka rago, Habboba ta zaɓi cinya da hannunta, ta dafa, ta aika wa maƙwabciya. Matar ta karɓa da fara'a, ta yi godiya har bakin ƙofa. Da la'asar sai Habboba ta hango ta tana juye naman nan gaba ɗaya a ƙoƙon almajirai. Ran tsohuwa ya ɓaci matuƙa. Ta ce wato yankanmu take ƙyama, ni da nake cin burodinta ban taɓa tambaya ba? Kwana uku ba ta amsa gaisuwarta. Ko 'ya'yan matar suka zo sayen ƙosai sai ta miƙa musu tana kallon gefe.

Ran na huɗu matar ta shigo da tob ɗinta, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban murhu, ta ce Hajja me na yi miki? Da Habboba ta amayar da abin da ke cikinta, matar ta kama hannunta ta ce azumi muke. Kwana 43 ne, daga 25 ga Nuwamba har daren 6 ga Janairu, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Na ji kunyar in dawo miki da kwanonki ne, kuma na ji tsoron Allah in bar shi ya lalace. Habboba ta ce a ranar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara nawa suna zaune, ita a zatonta duk Kirista ranar 25 suke biki, ashe na maƙwabciyarta ma bai zo ba.

Washegari ta tafi kasuwa ta sayo sabon kasko, ƙarami. Wannan kasko bai taɓa ganin kitse ba har ta bar duniya. Duk shekara in azuminsu ya kama, a cikinsa take soya ƙosan farko da man riɗi sabo, ta ba ni in miƙa ta kan katanga, da zafinsa, ina hura yatsuna saboda sanyin asuba. Daren 6 ga Janairu kuwa ba ma barci da wuri, don mun san in sun dawo daga coci bayan tsakar dare fatta, burodi da romon nama, za ta tsallako, kuma wurin mahaucin da Habboba take saye matar take sayen naman, don kada zuciyar kowa ta yi ɗar. In Sha'aban ya shigo, ita ce ta farko da za ta zo aikin hilu-mur, abin shan buɗa baki, ta zauna cikin hayaƙi tare da matan unguwa har hawaye na zuba, alhali ba ita za ta yi Ramadan ba.

Habboba ba ta taɓa taka coci ba. Tijjaniya ce ta gaske, wazifa ba ta wuce ta. Abin da take ce wa matar ranar bikinsu bai wuce “Allah ya nuna mana na baɗi” ba. Maƙwabtan sun ƙaura bayan 1990, lokacin da Ƙibɗawa da yawa suka bar ƙasar. Kaskon ya dawo hannuna. Da muka gudu daga Madani na bar shi a rataye a kicin, ban san ko yana nan ba.

Uwar Biyu: Allahu akbar. Kin sa ni kuka, 'yar uwa. Allah ya kai haske kabarinta.

Malamin Allo, Maiurno: Amin. Amma ku lura, Hajja ba ta taka coci ba. Ta san iyakarta. Kyautata wa maƙwabci ba wanda ya yi jayayya a kansa, aya ta 8 a Mumtahana a fili take, kuma abincin Ahlul Kitabi an halatta shi a Ma'ida. Mariya uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ai Baƙibɗiya ce. Inda malamai suka rabu shi ne lafazin barka da bikin kansa, wasu sun hana, wasu sun yarda. Kada a mayar da yaron nan kamar bai san komai ba, tsoron Allah ne ya sa shi magana.

Ɗan Damazin: Malam, tsoron Allah ba ya hana ladabi. A gaban uwar mijin yayarsa ya ɗaga murya. Kuma ni abin da na ɗauka a labarin Hajja wata karin maganar ce daban: rashin sani ya fi dare duhu. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci da ya faru a nan cikin Yulin 2022, da waɗanda muke sallah sahu ɗaya aka yi, mun san maƙwabcin da zai buɗe maka ƙofa ba a goshi ake rubuta shi ba.

Direban Kasala: Ni fa bikin kowa nawa ne in dai da siniya. Ranar 25 ina gidan 'yan Sudan ta Kudu, 1 ga Janairu bikin 'yancin kai, ranar 7 ina wurin Habashawa da injera da doro wat. In Maulidi ya zo kuma a same ni gindin masu halawa. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Uwar Biyu: Kai kam ko Magaji ko Magajiya, duk wanda ya ɗora tukunya kai ne ɗan gidansa.

Direban Kasala: Ai gara ni, ina ci in yi godiya. Akwai masu manyan rawuna da za ka gani a coci ranar 25 da masu ɗaukar hoto a bayansu, ranar Maulidi kuma suna sahun gaba suna kaɗa kai. Ka neme su ranar da sukari ya yi tsada ka gani.

Ɗan Damazin: Kada ka tuna mini. Bayan rabuwar Kudu a 2011 aka soke hutun Kirsimeti, kamar 'yan Nuba da Ƙibɗawan Masalma a Omdurman sun bi su sun tafi. A 2019 aka dawo da shi, har da ban haƙuri. Wanda ya tafa wa sokewar, shi ne na gani yana tafa wa dawowar. Hula ɗaya, kai biyu.

Baƙon Jidda: To yanzu wane ne Magajin a cikinsu?

Direban Kasala: Wanda ya gaji kujerar mana.

Malamin Allo, Maiurno: Kun bar maganar kun koma siyasa. Ni har yanzu ina kan bakana, karin maganar ta kishi ce.

Jikar Habboba: Malam, ni kuma a bakin Habboba na fara jin ta, ranar da wata ta ce mata me ya haɗa ki da azumin arna. Ta ce ba arna ba ne, sannan ta faɗe ta tana juya ƙosai.

Ɗan Gadarif: Na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuto. Na ce mata, Inna me kike nufi ranar nan? Ta ce ita ma a bakin uwarta ta ji, kuma a kan kishiyoyi ne, amma in riga ta yi maka daidai ai ba ka tambayar wa aka ɗinka wa. Surukin nawa har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Yanzu kuma ta sa a jiƙa wake, wai Bahabashiyar da ke sayar da jabana, wato kofi, a bakin titinmu tana cikin azumi har ranar 7, ita ba ta sani ba sai yau. Direba, nawa kwalbar man riɗi a wajenku? Nan ya fi ƙarfinmu, a garin da ake nomansa.